Ɗigo Arba'in da Ɗaya

Lungunan Nima ba su da suna.
In ka nemi gidan wani, sai a ce maka:
wuce mai koko, bi bayan telan nan mai gurguwar akuya,
tsallake kwata, ka yi sallama.
Tauraron da aka harba sama bai san tela ba,
rufin kwano kawai yake gani, tsatsa ta jingina da tsatsa.
Shi ya sa aka aike ni, da ƙafa da waya,
in tsaya a duk ƙofar da amai da gudawa suka riga ni shiga,
in danna.

Na danna a ƙofar Mumuni mai gyaran fanka.
Na danna sau biyu a gidan Barkisu,
na farko ran Talata, yaron na kwance,
na biyu ran Alhamis, tabarmar na shanye a kan katanga,
ba wanda ya ce mini komai, ni ma ban tambaya ba.

Da dare, a ɗakinmu na asibitin Mamobi,
janareto na tari, sauro na karatu a kunnena,
muka zuba ɗigon a kan taswira.
Da fari kamar an watsa wa kaji dawa.
Da suka kai ashirin, sai suka fara jeruwa.
Da suka kai arba'in da ɗaya,
ko makaho ya shafa allon zai ce:
tururuwa ce, kuma ta san inda sukari yake.

Ɗaya ne ya faɗi can nesa, wajen Madina.
Likita Owusu ya ce kuskure ne, a goge.
Na ce a bar shi. Na hau trotro na je.
Yaron mota ne, kullum da asuba
a Nima yake wanke fuska, ya cika gora.
A wane famfo? na ce.
Ya faɗa.
Na sa ya sake faɗa, ko kunnena zai canza shawara.

Famfon Gwaggo Azumi.
Baƙin tankin da na koyi ƙirga a gindinsa,
jarka rawaya ɗaya, jarka biyu, kawo canji.
Da kuɗin ruwan nan aka ɗinka mini rigar makaranta,
da shi aka saya mini biron da na koyi zana taswira,
yau ga taswirar ta juyo tana nuna shi da yatsa.

Ba laifinta ba ne, na sani.
Bututun ya ratsa ta cikin babbar kwata,
ya tsage daidai tsawon farcen ɗan yatsa,
ruwan sama ya zo ya ɗaura musu aure.
Amma taswira ba ta da gwaggo.

Na same ta tana lazimi, na durƙusa, na miƙa wayar.
Ta nisanta ta da ido, ta matso da ita.
Ta ce, wanne ne ɗan Barkisu?
Na nuna.
Ta ɗora babban yatsa a kai, kamar mai shafa kan jariri,
allon ya buɗe, ɗigon ya girma,
har rufin ya fito, har igiyar shanya.
Ta daɗe.

Sannan ta kwance bakin zane,
ta ciro kwaɗon da take kulle ɗakinta da shi.
Ta ce, ke za ki rufe, ni hannuna rawa yake.

Yau kwana tara ba sabon ɗigo.
Likita ya rubuta rahoto, an tafa mana.
Da asuba har yanzu ina jin jarkoki
suna karo da juna, wayam, suna wuce ƙofarta,
ita kuma tana zaune a kan bencinta,
tana gaishe da kowa da sunansa.